Ranar da Na Yi wa Gura Sallama

Kunyar nan ta yi mini nauyi. Shekara talatin ina yi wa Yaya Hajo dariya don ta ce tana yarinya ta ga gajerun mutane a bakin ruwan Wara. Ran nan da magariba na sauko daga jirgi, sai ga su bakwai a jere, iya ƙuguna. Na yi sallama, shiru. Na ajiye musu kwandon kifina, na ruga gidanta ina rantsuwa.

Ashe gura ce, tarkon kifi, wani ya jera ta bushe.

Har yau Yaya tambayata take, "Jarumi, mi sunka ce maka?"

Washegarin ranar da safe na koma neman kwandona, na iske mai gurar yana wanke shi. Ya miƙo mini ya ce, "Sun gode."