Ranar da Na Kifar da Ƙasar Betso

Bayan mun dawo Mubi daga gudun hijira, na samu aikin lebura wajen masu binciken ma'adinai a Betso. Injinsu yana zaro dutse dogo kamar rake, a jera shi a akwati bi da bi. Injiniya ya ce kowane guntu shafi ne na littafin ƙasa, kada ɗaya ya tsallake ɗan'uwansa.

Lokacin watana uku a ajin yaƙi da jahilci. Da za a sauya wani tsagaggen akwati, na ce, "Ranka ya daɗe, je ka huta, karatu ai aikina ne."

Na zauna ƙarƙashin tsamiya ina shafa wani guntu, daskararren yashin wani kogi da ya ƙafe tun kafin kakanni, har ina jin sanyin ruwansa a tafina. Na jera tsaf, amma daga dama, yadda hannuna ya saba da allo.

Injiniya ya daɗe yana kallo. "Baba, a littafinka gonakin Betso suna ƙarƙashin dutse."

Aka mayar da ni ɗebo ruwa. Har yau in na bi ta unguwar Yelwa, tsofaffin abokan aikina sukan ɗaga murya: "Malam, yau a sama muke ko a ƙasa?"