Roƙon Direba Mai Tumbi Ga Watan Janairu

Zuwa ga Mai Girma Watan Janairu,
Sarkin Alƙawura, Jagoran Watannin Nasara,
Ta hannun kalandar da ke rataye a ɗakina,
Unguwar Zango, Wagadugu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda talaka ke yi wa babban baƙon da bai taɓa zuwa da tsaraba ba, ina fatan ka sauka lafiya a wannan shekara ta 2009. Ni ne Mannir Mika'ilu, direban bas na wani kamfani a nan cikin gari. Ina shakkar ko ka riƙe sunana, amma ni ne mai tarbarka kowace shekara da sabon littafin rubutu da alƙawarin rage tumbi. Bana maganar ta wuce wasa. Likitan kamfani ya auna ni ya ce jinina ya hau, kuma in aka sake bizit, wato awon lafiya, a watan Maris bai sauka ba, za a karɓe makullin mota. Ga ƙorafina a jere, domin ni mutum ne mai jera abubuwa.

Na ɗaya. Tun shekarar da babbar kasuwarmu ta Rood Woko ta ƙone nake ɗaukar maka alƙawarin nan. Kasuwa ga ta can an kusa gama gina ta, da rufi da ƙofofi. Ni kuwa abin da na gina a tsawon lokacin shi ne sabuwar huda a bel ɗina. Laifina ne, ko kayan da kake rabawa ne jabu? Na fi zargin kaina, sai dai na lura na maƙwabta ma ba ya kai Fabrairu.

Na biyu. Wa ya ba ka shawarar shigowa kafaɗa da kafaɗa da Muharram? Bara haka kuka yi, bana kuka maimaita. Ranar bonane, wato ranar sabuwar shekararka, na rantse ni da tuwon dare mun rabu. Mako bai cika ba sai ga cika-ciki. Mahaifiyata, Inna Yalwa, ta fito da wutsiyar ragon layya da ta adana, ta ɗora tukunyar da ake girkin suna da ita. A gidanmu an yarda cewa wanda bai ƙoshi ranar ba, da yunwa zai ƙare shekara. Na ce, "Inna, likita ya hana." Ta ce, "Likitan ne ya haife ka? Ci, kada maƙwabta su ce ina horon yaro da yunwa." Yaron da ake magana ya haura arba'in. Ranka ya daɗe, wata ɗaya ya ce rage, ɗaya ya ce cika, bayan wanne kake tsammani uwa za ta bi? Ba ku da lambar wayar juna ne?

Na uku. Da abin ya fi ƙarfina na je wurin Madam Nazifa, ma'aikaciyar jinya a asibitin unguwa, wadda ta dawo daga kwas na ba da shawara. Na ɗauki littattafaina duka, inda na rubuta kowace faɗuwa da dalilinta. Ko buɗe su ba ta yi ba, wai ba tarihin ciwo take nema ba. Ta ce in ɗauka ina barci abin al'ajabi ya faru, matsalar ta tafi, me zan fara gani da safe? Na yi nazari na ce yatsun ƙafata. Ta ce daga sifiri zuwa goma, ina nake? Na ce biyu, sai na ji kamar na yi alfahari, na mayar da shi ɗaya da rabi. Na zauna jiran ta tambayi abin da ya hana ni kai goma, don amsar wannan na haddace ta. Sai ta tambayi abin da ya hana ni zama sifiri. Kai ko sau ɗaya ka taɓa yi mini tambaya irin wannan? Kai dai ka zo da kiɗa da wasan wuta, ka karɓi rantsuwa, ka wuce.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ta tambaye ni ko akwai ranar da nake tashi daga akushi ban cika ciki ba, ba tare da na yi niyya ba. Na ce babu. Ta ce in sake tunani. Can sai na tuna Juma'a. Ran Juma'a ƙanin matata, Mailafiya, mai gyaran ƙananan babura na mobilet a unguwar Paspanga, yakan biyo ta gidanmu daga masallaci, kuma mu ba ma ware wa baƙo kwano, akushi ɗaya ake sa hannu. Mailafiya tuzuru ne, siriri kamar kara, amma kafin in gama bisimilla ya kai tsakiyar tuwo. Akushi ya koma wa Inna a suɗe, ta sa mini albarka, ni kuma in tashi ina numfashi kamar sauran mutane. Shekara da shekaru ina rubuta shi cikin masifun gida. Madam ta ce, "Malam Mannir, abin da ke aiki ƙara shi ake yi."

Yanzu kullum da magariba Mailafiya yana gidanmu. Ya ɗauka ƙaunarsa ce ta kama ni da girma. Jiya ma cewa ya yi, "Yaya, ashe dama haka kake sona?" yana faɗa yana janye ƙashin da na sa wa ido. Bel ya koma tsohuwar hudarsa. Ina kan uku yanzu, ko biyu da rabi, ban tabbata ba.

Saboda haka ina mayar maka da alƙawuranka duka, suna nan cikin ledarsu, ba a taɓa amfani da su ba. Buƙata ɗaya ta rage mini. Na ji ƙishin-ƙishin cewa Mailafiya ma ya ɗaukar maka alƙawari ranar bonane, wai bana zai yi aure ya riƙa cin tuwo a gidansa. Har an gan shi a unguwar Ouidi da riga mai guga, ya je zance. Ranka ya daɗe, ban taɓa roƙonka ka canza hali ba, kuma yau ma ba zan fara ba. Yadda ka saba yi da alƙawarina, don girman Allah ka yi da nasa, ko da zuwa ƙarshen Maris ne. Bayan bizit ni da kaina zan kai goron neman auren.

Naka mai biyayya, mai rusunawa iyakar inda tumbi ya bari,

Mannir Mika'ilu
Direba, har zuwa yanzu dai.