Zanen Wiwin Hajiya Jimmai

"…Lafiya lau, ango. Ya hayaƙi?"

Da wannan Hajiya Jimmai ta tarbi jikanta Najib a gidansu na unguwar Glenwood a Amurka. Yaron nan digiri na biyu yake yi a kan saƙa, bincikensa duk a kan zaren wata shuka da Turawa ke kira hemp. Sai wata mai dogon baki ta fassara wa matan gari kalmar: wiwi! Tun daga nan ake amsa gaisuwarsa a daƙile, abin kuwa yana ci masa rai. Yau ana suna a unguwar Wendover, ya zo mata da zanen da ya saƙa da hannunsa. In tsohuwa ta ɗaura, magana ta mutu.

"Hayaƙin me, amarya mai haƙori uku? Ga lefenki."

"Ni Jimmai! Daga Funtuwa na hau jirgi don in ɗaura wiwi? Sake ni yanzu."

"Wa zai kwashe ki? Wannan ɗan'uwan wiwi ne, ba ya bugarwa. Ɗauke shi kamar rama."

"To a yi min kwaɗonsa."

"Da wane haƙorin? Saurara. Ruwan da auduga ke sha, wannan rabi ya ishe shi. Ciyawa ba ta tsira a ƙarƙashinsa, saiwarsa tana riƙe ƙasa."

"In mutumin kirki ne, don me Amurka ta taɓa hana shuka shi?"

"Su ma irinki ne, sunan kawai suka ji suka ruga. Kuma ba ya buƙatar feshi."

Tsohuwa ta gyara zama. Feshin gonar auduga ne ya taɓa kashe mata zabi kaf, har yau ba ta huce ba.

"Ko kaɗan?"

"Da wuya. Zanen kuma sai ya ga jikokin jikokinki."

Ta fizge shi, ta ja, ta murza, ta kai hanci ta shaƙa da ƙarfi. Najib dai ya zuba mata ido.

"Kai, ɗakin nan juyawa yake!"

"Tsufa ne, Hajiya."

Ta tuntsire da dariya har da ƙwalla. Ta ɗaura zanen tamau, ta gutsuro goro ta danƙa masa.

"Ungo tukwici, malalaci. Tashi mota. Ina so in ga wadda za ta kalli saƙar mijina ta sake ce masa ɗan wiwi."