Rasuwar Sake-Gwadawa, Manhajar Gidan Burodi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ba ni da niyyar haɗiyewa, nake sanar da rasuwar Sake-Gwadawa, manhajar awo ta gidan burodinmu, wadda ta cika a hannun ƙanin mijina bayan gajeruwar jinyar da shi ya ɗora mata.

Marigayi maigidana ne ya rubuta ta a tsohuwar kwamfutar da ke lungun ɗakin kwaɓi. Ba ta da ado. Baƙin allo ne da farin rubutu, sai tambaya guda: kilo nawa na fulawa? Ka danna lamba, ta faɗa maka yis da gishiri da ruwan da za ka zuba. In yatsanka ya zame ya haɗo da harafi, ko ka danna ba ka rubuta komai ba, sai ta yi ƙara ɗaya, ta rubuta: "Uwargida, wannan ba lamba ba ce. Sake gwadawa." Don tsokanata ya sa hakan, kuma haka take faɗa wa kowa, har ƙartin da ke gaban murhu. Tun da ya rasu, ita kaɗai ce ke yi min magana da bakinsa.

Ciwon ajalinta ya fara ne ranar da ta kira ƙanin mijina Uwargida a gaban ma'aikata, suka yi dariya. Mutumin da ya gaji rabin gida bai gaji rabin haƙurin yayansa ba. Ya buɗe cikinta, ya cire duk layukan da ke bincikar abin da aka shigar, wai ɓata lokaci suke yi. Daga nan baiwar Allah ta daina musu, kome aka cusa mata sai ta karɓa.

Ranar ajali, da yatsunsa masu danƙon ƙullu ya zo rubuta arba'in, wani harafi ya maƙale tsakanin huɗu da sifili. Ta karanta huɗu, ta tsaya a nan, ta ba shi awon kilo huɗu. Shi kuma ya auna wa fulawar kilo arba'in yis ɗin kilo huɗu, bai ko ɗaga gira ba. Burodin da ya fito, in ka jefi kare da shi sai ka biya diyya. Makarantar kwanan da muke kai wa ta dawo mana da shi a buhu, ta koma wa wani gidan. Da yake laifi tudu ne, sai ya taka nasa ya hango na marigayiya, ya goge ta kaf. Ba mu da kwafi.

Ta rasu ta bar kibod mai cike da gari, da sikelin da ya zama maraya, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a bayan murhu, inda za a jera burodin ƙarshe a kan kabarin tunda ya fi bulo ƙarfi. Ma'aikata da maƙwabta su zo. Ƙanin mijina kuwa ya riƙe ta'aziyyarsa, ya aiko min da makullin ɗakin kwaɓi. Na ji yana faɗa wa mutane zai sayo min sabuwa mai launi, wadda ta fi waccan komai. To, ya je ya sayo ɗin. In ta iya ce min Uwargida yadda yayansa yake faɗa, na yafe masa.