Watan Ƙarfe

Ranar ashirin da tara ga Sha'aban kasa zama wuri ɗaya na yi. Na sayo na'urar hangen nesa, na kuma cika wa unguwarmu a Aliero baki cewa ni zan fara ganin watan azumi. Abokina Buba maƙeri ya ce in bari ya ƙera mata ƙafafu masu nauyi. Na ce masa duban sama ba gyaran garma ba ne. Na je na aro siririyar ƙafa uku ta masu ɗaukar hoton biki.

Rana na faɗuwa na kafa ta a fili, na saita yamma, jama'a na bayana. Iska ta taso. Na'urar sai rawa take, ina ɗaurewa tana sunkuyowa, gumi na shiga mini ido. Can sai ga jinjirin wata tas, har da tauraro a tsakiya.

Na ɗaga hannu na ce, "Na gan shi! Gobe azumi."

Aka fara kabbara, wani ya ciro waya zai sanar da mutanen garin Jega. Liman ya ce a dakata. Ya duƙa ya leƙa, ya daɗe.

"Wanga wata na san shi," in ji shi. "Buba, ba kai ka ƙera muna shi ba?"

Ashe na'urar ta zame ta tsaya kan hasumiyar masallacinmu.

Shekara uku ke nan. Har yau in na bi ta maƙera, Buba kan ajiye guduma ya ce, "Malam, yau nawa ga watanka?"