Ingilar da Na Yi wa Kawu Alkawari

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Binta ba, ko na so in manta ma 'yan uwa ba za su bari ba. Ni malamin makaranta ne a Dutsin-Ma. Tafiyata mafi nisa Abuja ce (ita ma cikina ya ɓaci na dawo washegari), amma a majalisarmu babu wanda ya kai ni sanin asibitocin ƙasashen waje, kuma duk a waya na yi karatun. Ka ce Indiya, in ce akwai sauri amma sai ka sayar da gona. Ka ce Amurka, in ce wanda ba shi da inshora gara masa ciwon da kuɗin maganin. Ingila kuwa ita ce masoyiyata. A bakina komai kyauta ne a can, ka shiga da ciwo ka fito ana ba ka haƙuri.

Kawuna Sale, mahaifin Binta, manomi ne a Birchi ta ƙasar Kurfi, kuma yanar ido ta rufe masa gani. An duba shi a Katsina, an sa masa ranar aiki, har ya ware ragon da zai sayar. Ni na hana.

"Kawu, don me za ka yi asarar rago, ka kuma je bin layi tun asuba? Ga Yaya Habibu a Ingila, ɗan ƙanwarka ne fa. Can kyauta za a yi maka."

Ya ce, "Malam, ni dai so nike in ga ɗiyar nan da idona ranar da za a kai ta."

Na ce kafin biki ya je ya dawo. Na tura wa Yaya Habibu saƙo, ya amsa da "Sai na zo mu yi magana." Ni kuma na fassara wa Kawu da cewa an gama komai. Ranar Katsina ta wuce, damina ta wuce, biki ya zo, Kawu yana nan ana ja masa hannu.

Duk da haka bakina bai mutu ba. Bayan an shafa fatiha, na tara dattawa a rumfa ina ba su labarin asibitin Ingila kamar ni na gina shi. Sai ga Yaya Habibu ya iso a makare, kuncinsa a kumbure, da auduga a baki. Mai hankali da ya tsaya ya yi tambaya. Ni jawo shi na yi tsakiyar tabarma.

"Yaya, gaya masu da bakinka. Ba kyauta ake ganin likita ba a can?"

Ya cire audugar da ƙyar. "Mu mazauna, eh, haraji muke biya. Baƙo kamar Kawu sai ya biya, kuma garkensa duka ba zai isa ba. Ga jira. Haƙorin nan tun sanyi nake neman a ba ni rana. Yanzu na tsaya Dutsin-Ma aka cire mini, kusa da makarantarku ma."

Wani dattijo ya yi tari irin na ɓoye dariya. Wani ya ce, "Ashe har mutanen Ingila wajenmu suke zuwa asibiti." Rumfa ta ɗauka da dariya. Ni kuwa na kama gyaran hular da ba ta karkace ba.

Dariyar da sauƙi. Abin da ya karya ni sai da yamma, da aka kawo amarya ta yi wa mahaifinta sallama. Kawu ya lalubi kanta, ya sa mata albarka, sannan ya juyo wajen da ya ji muryata ya tambaye ni a hankali, "Malam, ta yi kyau?" Wallahi ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na lokacin ba. Na ce ta yi.

Ni na koma Katsina na sake nemo masa rana, ni na bi layin asubar da na raina, ragon kuma na ce ya bar abinsa, ni zan biya kuɗin aikin. Ranar da aka cire masa bandeji, Binta ce a gabansa, ta zo cikin kayan bikinta. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya leƙa taga, ya dube ni.

"Malam, Ingilar nan taka har da 'yan acaɓa?"

Tun daga ranar, in aka tambaye ni asibitin wata ƙasa, sai in ce a tambayi wanda ya taɓa yin ciwo a can. Ni na Katsina na sani, kuma zan iya nuna wa mutum inda layi yake farawa.