Famfon Masu Girma da Kitson Barira

Ranar Talata da hantsi na je aski wurin Ɗan'auta wanzami, a gindin darbejiyar bayan tasha. Na zauna a benci, na kai hannu zan cire hula, hula ta ƙi fita. Na ja, ta ja. Sai da Ɗan'auta ya dafe min ƙeya da hannu ɗaya, ya finciko ta da ɗayan, sannan ta rabu da ni. Mutum huɗu ne ke jiran layi, duk sun gani. A Birnin Kudu kuwa in mutum huɗu suka ga abu, ka ɗauka an sanar a rediyo.

"Malam Iliyasu," in ji Ɗan'auta, yana murza gashina tsakanin yatsu biyu, "me kake shafawa haka? Kan nan ai ko ƙuda ya sauka sai an zo ceto. Ko gam ɗin faci ne ka sosa kai da shi?"

Na ce masa shekara ashirin ina faci a bakin titin nan, gam bai taɓa hawa kaina ba. Ya girgiza kai ya ce ni ne na bakwai a satin nan, kuma duk 'yan unguwarmu. Ya ɗauko aska ya kwashe komai tas. Namiji ke nan, matsalarsa ta minti goma ce. Mata fa?

Nan ne maganar ta shigo gidana. Matata Barira kitso take yi, shekara goma sha tara ke nan. Tana da wani mai da take haɗawa da hannunta, man kaɗanya da man shanu da ɗan kanumfari, yadda mahaifiyarta ta koya mata tun a Kiyako. Har daga Surko mata ke hawo mashin su zo saboda man nan. In ka shigo gidanmu da safe ba ka samun wurin taka ƙafa, tabarma cike, ana tsifa ana gulmar maza. To cikin kwana goma sai kan matan unguwa ya soma danƙo. Mataji ya shiga ya ƙi fita, ɗankwali ya manne, ga ƙaiƙayi, wasu har da ƙananan ƙuraje a gefen goshi.

Sai maƙwabciyarmu Bara'atu, wadda katanga ɗaya ce tsakaninmu, ta tashi a gidan suna, gaban mata sun fi hamsin, ta ce ita ta gano bakin zaren. Wai Barira ce ta fara algus, tana haɗa man kitsonta da baƙin man da nake kawo mata daga wurin faci. Bara'atu ba ta da murya biyu, ɗaya ce, kuma ta kasuwa ce.

Na aika mata cewa ni ma kaina ya yi danƙo, ni kuma kitso aka yi min? Ta aiko da amsa cewa ai kowa ya san ina satar man matata ina shafawa.

Washegari tabarmar Barira ta wayi gari babu kowa. Ta share tsakar gida, ta jera mataji da kibiya, ta zauna. Har azahar ko sallama ba a yi ba. Na dawo cin abinci na tarar da ita ta buɗe kwalbar man tana shinshinawa, idonta ya yi ja. Ta ce, "Malam, ko dai hannuna ne ya lalace ban sani ba?" Wallahi abin ya yi min ciwo. Matar da ko gishiri ba ta ƙara wa miya sai ta ɗanɗana, yau ita ake kira mai algus.

Ba ta zauna haka ba. Ta bar sabulun salo ta koma na kanti. Ta tafasa matajanta ta shanya a rana. Ta daina shafa man gaba ɗaya, ta wanke kanta sau uku a yini ɗaya. Abin mamaki, duk wankin da ta ƙara, danƙon ƙaruwa yake.

Ni kuma na ɗauki sabon askina na kai wa Malam Abdulnasir, tsohon malamin asibiti da ya yi ritaya, yana zaune a ƙofar gidansa yana duba mutane don Allah. Ya sa tabarau ya juya kaina hagu da dama.

"Ba makero ba ne," ya ce, "da na ga zagaye-zagaye inda gashi ya zube. Ba amosani ba ne, da farin gari na zuba. Kwarkwata kuwa, wadda ta shiga kan nan ba za ta iya ɗaga ƙafa ba. Ƙurajen nan maiƙo ne ya toshe fata, ku kuma kuka bi da susa. Wani abu mai maiƙo ke hawa kanku kullum. Me ya canza a unguwarku cikin sati biyun nan?"

Na ce ba abin da ya canza. Kuma har ga Allah a lokacin haka na ɗauka, domin wa zai kawo famfon masu girma cikin maganar cuta?

Bari in ba ku labarin famfon. Sati biyu kafin nan aka buɗe mana rijiyar burtsatse a bakin unguwa. Tankuna huɗu baƙaƙe a kan ƙarfe, faifan sola suna ƙyalli, da allo wanda ya fi ƙofar gidana girma. An kafa rumfa, an kawo kujeru, an kawo makaɗa. Mai Girma Garkuwan Masu Ƙishirwa ya iso da motoci goma sha ɗaya, ya karɓi almakashi, ya yanke ƙyalle, ya murɗa famfo, ruwa ya zubo. Na yi tafi har tafin hannuna ya yi zafi. Kafin la'asar aka kwance faifan sola aka loda a mota, wai za a kai su a duba lafiyarsu. Daga baya na ga hoton buɗe wata rijiyar a wani gari, na ga faifan sun yi kama da namu, har da tsagewar da ke kusurwar na biyu. Amma ni mai faci ne, me na sani game da sola?

Tun ranar farko ruwan yana da wani ɗan sheƙi a sama, da ɗan ƙamshi wanda ba na ruwa ba. Wani dattijo ya yi ƙarfin hali ya tambaya. Alhaji Mai Riƙe Jaka, na hannun daman Mai Girma, ya yi murmushin tausayi ya ce, "Baba, ruwan zamani ne, an sa masa sinadarai. Kun saba da na rijiya ne shi ya sa." Kunya ta kama mu duka, muka ga ƙauyancinmu ya fito a gaban baƙi. Sai unguwa ta yanke shawara ba tare da an zauna taro ba: sha dai a ci gaba da na rijiya, tunda harshe ya riga ya tsufa, amma wanka da wankin kai a yi da na zamani, ko jiki ya waye. Ana buɗe famfon awa ɗaya kowace safiya, mata na layi da bokiti. Ni da bakina na tsaya a majalisa ina cewa duk wanda ya kushe ruwan nan butulu ne.

Ranar Alhamis ina wurin aiki sai ga tankar Zulkifli, wani direba ɗan Gwaram da ya saba tsayawa wurina, tayar baya ta yi faci. Ina kwance ƙarƙashin mota ina fama da jak, shi yana tsugune yana cin rake, sai ya ce, "Af, Malam Iliyasu, yaya ruwana? Kuna jin daɗinsa?"

"Wane ruwan naka?"

"Na famfonku mana. Ai ni na cika tankunan, ana gobe za a buɗe."

Na fito da kaina daga ƙarƙashin mota. "Ba daga ƙasa yake fitowa ba?"

Ya yi dariya har rake ya sarƙe shi. "Wace ƙasa? Ramin ai bai kai tsayinka biyu ba. Bututun a tsaye kawai yake a ciki. Daga kogi na ɗebo."

"Zulkifli, me kake ɗauka a motar nan?"

"Man gyaɗa, zuwa Kano. Ranar ma dawowata ke nan daga sauke kaya suka tare ni. Na ce su bari in wanke tanki, akwai sauran mai a ƙasa. Suka ce Mai Girma ba ya jiran wanki, kuma ai mai ba dafi ba ne."

Ban san lokacin da na gama facin ba. Na ruga gida na ɗebo ruwan famfo a faranti, na kai majalisa na ajiye a rana, na ce kowa ya zuba ido. Ba a jima ba mai ya taso sama, ido-ido, kamar na miyar biki. Dattijon nan da aka kunyata ya tsoma yatsa ya lasa, ya ce, "Saura ƙullun ƙosai."

Muka haɗa tawaga muka je wurin Alhaji Mai Riƙe Jaka. Ya saurare mu da kunne ɗaya, ɗayan yana kan waya. Da muka gama ya ce, "Ikon Allah, mutane ba sa godiya. Akwai unguwannin da ko ruwan ba su samu ba, ku an haɗa muku har da mai." Ya yi alkawarin kafa kwamiti. Kwamitin ya zo da motoci uku, ya zagaya tankuna, ya ɗauki hoto da allo, ya ci shinkafa, sannan ya ba da shawarar a sake buɗe rijiyar karo na biyu domin a dawo wa jama'a da ƙwarin gwiwa.

Ni dai ina jinjina musu. Ba ƙaramin tunani ba ne a ba mutum rijiyar da ba ta wahalar da ƙasa, ba ta cin wuta, ba ta lalacewa tunda ba ta taɓa aiki ba. Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara basira. Ranar Juma'a famfon ya yi tari sau biyu ya ƙafe, mun koma rijiyarmu ta gado.

Amma duk wannan bai mayar wa Barira da mutum ɗaya kan tabarma ba. Labarin tanka ya zagaya, kowace mace ta ji, sai dai kunya ta hana su zuwa. Waccan maganar a gaban mutum hamsin aka yi ta, wannan kuwa a bayan katanga ake raɗa ta. Barira kuwa ta koma kan nata gashin. Ta sa na jawo mata ruwan rijiya, ta ɗumama, ta jiƙa karkashi, ta matsa lemon tsami a ruwan ɗauraya, ta wanke kanta sau biyu. Gashi ya saki, mataji ya wuce sumul.

Ranar Asabar da safe ina ɗaki ina neman makullin akwatin aikina sai na ji sallama, a hankali, kamar ba muryar Bara'atu ba. Na laɓe. Kar ku zarge ni, ku ma da kun laɓe.

"Maman Nasiha, ina kwana," ta ce wa Barira.

"Lafiya lau."

"Dama... kan nan ne. Kwana uku ban yi barcin kirki ba don ƙaiƙayi. Na kasa tsefe shi."

Barira ta ci gaba da tankaɗe garinta.

"Na yi miki ƙazafi," in ji Bara'atu. "Don Allah ki yafe ni."

"A gidan suna kika faɗa," Barira ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Ba a tsakar gidana ba."

Bara'atu ta tsaya a tsakar gida tana sosa kai. Har na ji tausayin Bara'atu, abin da ban taɓa zaton zai same ni ba.

"Gobe akwai suna a gidan Malam Mika'ilu," ta ce. "A can zan faɗa."

"To zauna."

Awa biyu aka yi ana tsifa, ana wanki, ana ɗauraya. Na makara a wurin aiki, ban damu ba. Da gashi ya bushe Barira ta jawo kwalbar nan da ta yi kwana da kwanaki a rufe, ta riƙe ta a hannu ba ta buɗe ba, ta ce, "Da wane mai zan yi miki? Akwai na kanti in kina tsoro."

Bara'atu ta sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyin Barira ta ce, "Da naki."

Ta kuwa cika alkawari. An ce a gidan sunan sai da jariri ya farka, don da ƙarfin da ta ɓata sunan Barira da shi ta gyara shi. Ranar Litinin na fito na tarar da takalman mata tun daga zaure, aka miƙo min koko ta saman kawuna aka ce in sha a waje. Ban taɓa jin daɗin korata daga gidana irin na ranar ba.

Yanzu kuma na ji ana cewa wata mai zuwa za a buɗe mana ɗakin shan magani, har an fara fentin allo. Muna murna, muna godiya tun kafin a yanke ƙyalle. Roƙona ɗaya ne ga masu girma: in za a cika kwalaben don ranar biki, a taimaka a tambayi mai kwalaben me ya zuba a ciki jiya.